Yadda Ake Allurar Cikin Ido Don Ciwon Makula na Tsufa, da Aikin Mai Rakiya

Wanda wannan ciwo ya kama da wuya ya iya karanta wannan rubutu da kansa, don ganin haruffa na cikin abubuwan da ciwon yake fara ɗaukewa. Saboda haka da kai nake magana, ko ke, ɗa ko 'ya ko jika da zai riƙe hannun Baba ko Inna zuwa asibiti. Allurar kanta aikin likita ce, kuma ba ta kai minti ɗaya ba. Sauran aikin, wanda a ganina shi ya fi nauyi, yana wuyanka.

Da farko, a san abin da ake yaƙa

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ke karɓar haske, likitoci suna kiransa retina. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, shi ne makula. Da shi ake karatu, ake zura zare a allura, ake gane fuskar mutum. Sauran tantanin yana ba da ganin gefe ne. Shi ya sa za ka ga dattijo yana zuwa masallaci shi kaɗai ba ya karo da komai, amma sai ya ji murya kafin ya gane wanda ya gaishe shi. Mutane su ce girman kai ne ya same shi, alhali tsakiyar ganinsa ce ta dushe.

Ciwon iri biyu ne. Akwai busasshe, wanda ya fi yawa, yana tafiya a hankali cikin shekaru. Akwai kuma jiƙaƙƙe, inda wasu sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari suke tsirowa a ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini, tantanin ya kumbura ya ɗago, kamar yadda danshi ke ɗaga shafen katanga. Wannan shi ne mai sauri: cikin makonni gani zai iya lalacewa, idan aka bar shi kuma ya zama tabo, babu maganin da zai dawo da wurin. Allurar da muke magana a kanta ta jiƙaƙƙen ce. Tana toshe wani sinadarin jiki mai suna VEGF, wanda shi ne ke tsiro da hanyoyin jinin yana kuma sa su yoyo.

Mataki na ɗaya: a tabbatar shi ne

A wajenmu duk tsohon da ganinsa ya ragu sai a ce yana ce, kuma sau da yawa gaskiya ne, don yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta a Nijeriya. Amma akwai alamar da ba ta yana ba: layi miƙaƙƙe ya koma karkatacce. Ka zaunar da Baba, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kalli gefen ƙofa ko ƙarafan taga, sannan ya sauya ido. Idan ya ce ƙarfen ya lanƙwashe, ko tsakiyarsa ya ɓace, ko akwai wani duhu a daidai inda ya kafa ido, kada a jira ƙarshen wata. A cikin satin nan ya kamata likita ya gan shi. Dole a gwada ido ɗaya-ɗaya, domin lafiyayyen yana rufa wa mai ciwon asiri har abu ya yi nisa.

Ba kowane asibitin ido ne ke da likitan retina ba. Ka yi tambaya tun kafin ku kama hanya, musamman idan daga nesa za ku taso. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan ido na asibitocin koyarwa su ne wuraren da aka saba tura irin wannan matsala. Shagon gilashi ba wurinta ba ne.

A can za a ɗiga maganin da ke buɗe tsakiyar baƙin ido, a jira kamar rabin awa, likita ya leƙa ciki. Sai a ɗauki hoton da ake kira OCT. Na'urar ba ta taɓa ido, kuma tana nuna makula a yanke, har a ga inda ruwa ya taru da kaurin kumburin. Wannan hoton shi ne ma'aunin da za a riƙa komawa kansa a duk tsawon jinya, don haka ka nemi kwafinsa ko ka ɗauka a waya. Wani lokaci ana ƙarawa da gwajin rini: a zuba wani ruwa mai launi ta jijiyar hannu a ɗauki hotunan ido yayin da yake wucewa. Fitsari zai yi rawaya sosai kwana ɗaya ko biyu, kada hankali ya tashi. Akwai kuma wani nau'in ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da PCV, wanda aka fi gani a mutanen Asiya da baƙar fata, kuma shi wani lokaci ana haɗa masa allura da wani maganin na haske. Ba laifi ka tambayi likita ko ya duba wannan.

Mataki na biyu: zaɓen magani, da maganar kuɗi

Sunayen da za ka ji su ne Avastin, Lucentis, Eylea da Vabysmo. Lucentis ya samu izini a Amurka a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. Labarin Avastin daban ne. Maganin kansar hanji ne da aka amince da shi a 2004, sai a 2005 wani likitan ido a Miami, Philip Rosenfeld, ya gwada sa ɗan ƙanƙanin abu daga cikinsa a ido, ya ga ruwan ya janye. Kamfani ɗaya ne, Genentech, ya ƙirƙiro Avastin da Lucentis, amma a wancan lokacin a Amurka allura ɗaya ta Lucentis ta kai wajen dala 2,000, ta Avastin kuwa wajen dala 50. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban bincike mai suna CATT don gwada su gefe da gefe, sakamakon farko ya fito a 2011, aka ga ganin da suke bayarwa kusan ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa sinadarin Avastin cikin jerin muhimman magungunanta don aikin ido.

Na tsaya a kan wannan ne saboda yadda 'ya'ya ke ji. Mutum ya ga kamar ya ci amanar mahaifinsa idan ya zaɓi mai araha, sai ya sayar da abin da yake da shi ya biya allura biyu mai tsada, ta uku ta gagara. Wannan asara ce biyu. Abin da sababbin magungunan suka fi da shi yawanci tsawon aiki ne: Vabysmo, a wasu mutane, ana iya kai shi mako 16 tsakanin allura da allura, wasu idanun kuma da ba su amsa Avastin ba sukan amsa Eylea. Amma mai araha da za a iya ɗorewa a kansa ya fi mai tsada da za a yanke a tsakiya. Ka tambayi likita kuɗin shekara guda, har da na hoton OCT da na mota, ba na allura ɗaya ba. A binciken CATT, waɗanda ake yi wa sai in buƙata ta taso sun sha allura kusan 7 zuwa 8 a shekarar farko.

Avastin yana da wurin da ake taka-tsantsan. A kwalba yake zuwa mai mililita 4, ido kuma 0.05 kawai yake buƙata, wato kusan ɗigo ɗaya, don haka ana raba kwalba guda ga mutane da yawa. Idan rabon bai kasance cikin tsabta ba, ƙwayar cuta ta shiga. Ya taɓa faruwa har a Amurka: a 2011 wasu mutane a yankin Miami sun kamu da mummunan ciwon ido daga Avastin da aka raba, a 2012 kuma aka kama jabunsa wanda babu maganin a ciki sam. Duk waɗannan magunguna sai a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kai ka san halin wutar lantarkinmu. Saboda haka kada ka saya a kasuwa ko a hannun wani da ya ce zai samo maka da sauƙi. Ka tambayi asibitin kai tsaye: daga ina maganin ya zo, yaushe aka buɗe kwalbar, wa ke rabawa. Asibitin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wasu suna tara marasa lafiya a rana ɗaya don a buɗe kwalba a gama da ita nan take, kuma wannan tsari ne mai kyau.

Mataki na uku: shirin ranar

Baba ya ci abincinsa, ya sha magungunansa na hawan jini da suga yadda ya saba. Mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini kada ya daina da kansa, yawanci ba a dakatar da su don wannan allura. Ya wanke fuska da sabulu. Kwalli kuwa a ajiye shi, ranar da kuma kwanakin da ke biye. Inna za ta yi gardama a kan wannan, ka lallashe ta.

Abubuwa uku ka tabbata likita ya ji su kafin a fara: idan an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, musamman a watannin baya-bayan nan, idan aidin ya taɓa yi masa illa a fata, idan idon yana ja ko yana kwantsa a ranar. Mai apolo ba a yi masa allura sai ya warke.

Ka zo da baƙin gilashi, da katin asibiti, da duk magungunan da yake ɗigawa. Ba zai tuƙa mota ko babur ba a ranar.

Mataki na huɗu: cikin ɗakin

Abin da ya fi hana tsofaffi zuwa shi ne jin an ce allura a ido. Ka yi masa bayanin nan tun a gida, dalla-dalla, don tsoron abin da ba a sani ba ya fi na allurar.

Zai kishingiɗa a kujera ko ya kwanta a gado. Nas za ta tambaye shi sunansa da idon da za a yi wa, wani lokaci a sa alama a goshi. Za a ɗiga maganin kashe zafi sau da dama har idon ya daina jin taɓi. Sai a wanke fatar ido da cikinsa da ruwan aidin. Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci wajen hana ƙwayar cuta, kuma shi ne ke kawo yawancin raɗaɗin da ake ji daga baya, ba allurar ba. Sannan a sa wani ɗan ƙarfe da ke riƙe fatar ido a buɗe, don haka kada ya damu da cewa zai ƙifta.

Likita zai ce ya kalli wani gefe, ya tsayar da idonsa a can. Zai auna milimita 3.5 zuwa 4 daga inda baƙin ido ya haɗu da fari, domin a daidai nan allura ke shiga ba ta taɓa retina ba, ba ta kuma taɓa madubin ido ba. Allurar siririya ce ƙwarai, kuma ta gefe take zuwa, ba zai gan ta tana tahowa ba. Yawancin mutane dannawa suke ji, wasu ɗan tsini na daƙiƙa guda. Zai iya ganin wani abu yana juyawa a cikin ganinsa, maganin ne ke bazuwa.

Ga abin da ake yawan mantawa a gaya wa mutanenmu: ba a magana a lokacin. Ƙwayoyin cutar baki suna iya sauka a ido, shi ya sa likita da nas ke rufe bakinsu. Dattijo kuwa da ya ji tsoro salati zai kama da ƙarfi, ko ya shiga yi wa likita addu'a da godiya. Ka ce masa, "Baba, addu'ar a zuci za ku yi har sai an ce an gama."

Da an zare allurar gani kan dushe na ɗan lokaci saboda matsin cikin ido ya hau. Likita zai ɗaga hannu ya tambaya ko yana gani, ya kuma ƙirga masa yatsu. Sai a wanke aidin ɗin da ruwa mai tsabta. Idan a karon baya idon ya yi raɗaɗi sosai, ku roƙa a ƙara wankewa. Dukan abin, daga kwanciya zuwa tashi, minti 10 zuwa 15 ne.

Mataki na biyar: a gida

Waɗannan ba abin damuwa ba ne: jin tsakuwa a ido da hawaye a ranar farko, jan tabo na jini a farin ido inda allura ta shiga, wanda ke da ban tsoro a gani amma yana washewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, baƙin ɗigo mai zagaye da ke yawo a ƙasan gani, wanda kumfar iska ce kuma tana ɓacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Farasitamol ya isa, da ruwan hawaye na kwalba sabuwa idan likita ya rubuta. Da can ana ba kowa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ɗiga bayan allura, amma bincike bai nuna yana hana komai ba, likitoci da yawa sun daina. Idan ba a ba ku ba, ba mantuwa aka yi ba.

Kada ya murza idon. Kada ruwa ya shiga ciki na kwana biyu zuwa uku, ko yadda likita ya ce. Wajen alwala ya runtse idon sosai ya wanke fuska a hankali, ba watsa ruwa ba. Ruku'u da sujada ba su da matsala. A lokacin hunturu ya sa gilashi saboda ƙura, musamman a hanyar komawa gida. Kuma duk mai zuwa dubiya da zai kawo nasa magani, zuma ne, ruwan tofi ne, nonon mace ne, ka karɓa da godiya ka ajiye. Babu abin da zai shiga idon nan sai wanda likita ya sani.

Alamun da ba a kwana da su

Babban abin tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin ƙwayar ido. Ba ya faruwa da yawa, ƙasa da sau ɗaya a allura 1,000, amma idan ya faru sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Yawanci cikin makon farko yake bayyana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: raɗaɗin aidin kullum raguwa yake, zuwa washegari ya kusa tafiya. Idan kuwa zafi yana ƙaruwa, ko ya tafi ya dawo a kwana na biyu ko na uku, gani yana raguwa, ja ya mamaye idon duka, haske yana damunsa, fatar ido ta kumbura, to ku koma asibitin a ranar, ko Asabar ce ko ranar Sallah. Haka idan ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗige-ɗige sun yi yawa farat ɗaya, ko wani duhu yana rufowa daga gefe, domin wannan na iya zama retina ce ta yage ko ta ɓamɓaro.

Tsofaffinmu suna da kawaici. Baba zai ce "da sauƙi" ko da idon na ci masa wuta, don kada ya ɗora maka wahala. Kada ka tsaya ga tambayar ya jiki. Kowace safiya a makon farko ka rufe masa ɗaya idon, ka ɗaga yatsu daga tazara iri ɗaya kullum, ka ga ko abin da ya gani jiya yana gani yau. Kafin ku bar asibiti kuma ka karɓi lambar da za a kira da dare.

Mataki na shida: komawa, inda aka fi faɗuwa

Maganin ba ya kashe ciwon, danne shi yake yi, kuma cikin makonni yake ƙarewa a ido. An saba farawa da allura uku, wata-wata. Daga nan likitoci da yawa suna bin tsarin ƙara tazara: idan OCT ya nuna makula ta bushe, a yi allura a ƙara mako biyu a kan tazarar, daga 4 zuwa 6, zuwa 8, har 12 ko fiye. Ruwa ya dawo, a rage. Wasu kuma suna duba mutum kowane wata su yi allura sai in sun ga ruwa. Ga wanda ke zuwa daga wani gari tsarin farko ya fi sauƙi, don duk zuwa da allurarsa, kuma an san ranar tun da wuri.

A manyan gwaje-gwajen Lucentis na farko, sama da 9 cikin 10 na waɗanda ake yi wa allura kowane wata ganinsu bai yi mummunan raguwa ba bayan shekara, kusan 1 cikin 3 kuma ya ƙaru sosai. Ka lura da wannan lissafi: ga mafi yawan mutane nasarar ita ce gani ya tsaya inda yake. Ka faɗa wa Baba haka tun farko, in ba haka ba bayan allura ta uku zai ce bai ga wani canji ba, a bar ɓarnar kuɗi. Wanda ganinsa ya gyaru shi ma yana da nasa tarkon, ya ce ya warke. Dukansu biyu idan suka daina zuwa, ruwan yakan dawo, kuma abin da aka rasa a wannan tsakanin ba lallai ya dawo ba ko an ci gaba da allura.

Idan tafiya ta taso, Umara ko Hajji ko zuwa wajen 'ya'ya, a gaya wa likita da wuri ya daidaita ranar. Azumi ma kada ya sa a tsallake wata guda. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa maganin ɗigawa a ido da allurar da ba ta abinci ba cikin abubuwan da ba sa karya azumi. A Malikiyya akwai maganar abin da ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro, don haka ya tambayi malaminsa. Ko da an ce ya rama, ramuwar yini ɗaya ce.

Ɗaya idon, da sauran abubuwa

Wanda ciwon ya kama masa ido ɗaya, ɗayan ma yana cikin haɗari. A ci gaba da gwajin ƙarafan taga ko da sau ɗaya a mako, ko a karɓi takardar Amsler a asibiti, mai layuka a tsaye da a kwance da ɗigo a tsakiya. Ana riƙe ta a nisan karatu, da gilashin karatu a fuska, ido ɗaya a rufe. Mai shan taba ya daina, don ita ce babbar abin da ke ƙara haɗarin ciwon cikin abubuwan da mutum ke da iko a kansu. Akwai haɗin bitamin da ake kira AREDS2 da ke rage saurin ciwon ga wasu masu busasshen nau'in, amma likita ne zai ce ko ya dace, kuma ba ya maye gurbin allura. Busasshen da ya yi nisa an fara yi masa wasu allurai a Amurka a 2023, Syfovre da Izervay, sai dai rage saurin lalacewa kawai suke yi, ba sa dawo da gani. Idan kuma a gidanku mai ciwon suga ne aka ce za a yi wa allurar ido saboda kumburin makula, magungunan ɗaya ne, kusan duk matakan nan ma haka.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sa kunne a kai: wasu da ganinsu ya ragu sosai sukan riƙa ganin abubuwan da babu su, fuskoki, ƙananan mutane, zane-zane a bango, alhali hankalinsu ƙalau, sun kuma san ba gaske ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana haka a 1760 game da kakansa, kuma da sunansa ake kiran yanayin har yau. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin da ido ya bari. Dattijo ba zai faɗa ba, don tsoron a ce taɓin hankali ne ko iska. Kai ka fara tambayarsa, a keɓe, idan ya ce yana gani ku gaya wa likita a zuwa na gaba. Ƙara haske a ɗaki, ko ƙifta ido da kawar da kallo zuwa wani wuri, yakan sa hotunan su wuce.